Kitsen Mai Kushin

Ka taɓa ganin mutumin da ya je asibiti dubiyar kansa, da fulas da bargo, alhali yana tsaye da ƙafafunsa? To gyara zama.

Wani ne mai ɗinkin kushin. Sana'arsa ke nan, ƙibantar da kujeru. A kawo masa kujera ta lotse, haƙarƙarinta a waje, ya farke ta, ya cusa mata soso, kafin la'asar ta yi ɓul-ɓul kamar matar attajiri. Shi kuwa, Allah sarki! Siriri ne kamar basillar da yake ɗinki da ita. In ya juya gefe a shago, mai kawo aiki sai ya yi sallama, ya leƙa, ya ce babu kowa, ya koma. Ranar da ake iska, maƙwabcinsa mai walda ne yake ara masa guduma ya sa a aljihu.

Ba kuma ƙin ci yake ba. Ci yake kamar gara. Inda abincin yake zuwa ne babu wanda ya sani.

Shi ne auta a gidansu, kuma tsohuwarsa ba ta ɗauki maganar ramar nan da wasa ba. Duk ranar da ta zo gidansa, kafin ta amsa gaisuwa sai ta ce, "Auta, ɗaga rigar."

Ya ɗaga. Ta bi haƙarƙarinsa da yatsa kamar mai zaɓen kara.

"Yarinyar nan me take ba ka? Tururin tukunya?"

Matar ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Inna, wallahi cinsa ya fi na magina uku."

"Ba da ke nake ba, 'yar nan. Da haƙarƙarin ɗana nake magana."

Rannan dai tsohuwa ta yanke hukunci. Ta ce za ta tattaro ta dawo gidan da zama, ta karɓi kicin, ta ga ko ɗan da ta haifa ba zai yi nama ba. Bayan ta tafi, matar ta ajiye ludayi a gaban mijin, a hankali, irin ajiyewar da ta fi jifa ban tsoro.

"Maigida, kicin ɗin nan ba ya ɗaukar ludayi biyu. Ranar da na Inna ya shigo ta ƙofar gaba, ni da nawa mun fita ta ƙofar baya. Sai gidanmu."

Gaba kura, baya sayaki. Gogan naka yana son matarsa kamar ransa, yana kuma tsoron tsohuwarsa kamar mutuwarsa.

Tsohuwa ba ta zo gaba ɗaya ba, kaɗan-kaɗan ta riƙa zuwa. Yau a aiko da tukunyarta. Jibi murfin. Gata kujerar tsuguno. Duk abin da ya iso, matar sai ta ɗauki wani abu nata ta sa a akwati, tana 'yar waƙa.

Da abin ya ishe shi, sai ya koma ga sana'a. Ya yanko soso mai kauri, ya gyara shi da almakashi, ya yi wa kansa tumbi da ƙirji da damatsa, ya ɗora riga. Ya tafi gidan tsohuwa yana tafiyar ƙasaita, yana nishi irin na masu ƙiba. Ta dube shi sama da ƙasa. Ta sa yatsa ta danna tumbin. Wurin ya lotsa, sannan ya dawo a hankali.

Ta ce, "Soson nan mai kyau ne. Na kujerar wa ka cire?"

Ana wata ga wata. Wata safiya matar tana shafa masa mai a baya, sai hannunta ya ci karo da wani ƙullutu a ƙarƙashin allon kafaɗa. Girmansa kamar ƙwai, da laushi, in an taɓa sai ya zille.

Ta ce, "Innalillahi! Maigida, mene ne wannan?"

Ya miƙa hannu ya lalubo. Ya matsa. Fuskarsa ta washe.

"Abin nema ya samu! Ƙiba ce! Ta baya ta faro. Mu ma ai ta baya muke fara cusa wa kujera."

"Ƙibar da ta taru a wuri ɗaya kamar 'yan kallon faɗa? Tashi mu tafi asibiti."

Ya ce babu inda za shi. Ta ɗauko akwatin. Ya sa takalmi.

Likita ya duba, ya latsa, ya ce a cire a gani. Aka kwantar da shi rub da ciki, aka yi masa allurar kashe zafi, aka yanka, aka ciro, aka ɗinke. Da ya tashi zaune, sai ya miƙa hannu biyu.

"To, likita, kayana."

"Wane kaya?"

"Abin da ka ciro mana. Mu a sana'armu, duk abin da ya fito daga cikin kujera na mai kujera ne. Ko tsohon soso, ko maɓalli, ko cokali. Ni na taɓa mayar wa wata baiwar Allah da haƙorin roban mijinta."

Likita ya danne dariya ya ce an riga an sa shi a kwalba an kai ɗakin gwaji. Can za a duba a ga ko mai lafiya ne, ko kuwa mugun ciwo.

Mutumin ya ce, "Wato an kwantar da shi ke nan?"

Likita yana wanke hannu ya ce, "Kusan haka."

Da likita ya san abin da wannan "kusan haka" za ta jawo, da bai furta ba.

Washegari da hantsi sai ga mai kushin a ƙofar ɗakin gwaji. Fulas ɗin shayi a hannun dama, bargo a kafaɗa, ledar lemo a hannun hagu. Ya ƙwanƙwasa. Wata ma'aikaciya ta buɗe, da farar riga da safar hannu, ɗakin yana fitar da sanyi da warin magani.

"Bawan Allah, ba a dubiya a nan. Ɗakin marasa lafiya yana can sama."

"Ai nan aka ce an kwantar da shi."

"Wa?"

"Ni."

Ta dube shi. Ta dubi bargon. Ta ɗan ja baya kusa da inda wayarta take.

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan. Ya ce tun da Allah ya yi shi, shi da bayansa ba su taɓa kwana a rabe ba. Ga ɗakin nan da sanyi kamar cikin firji. Ƙullutun nan kuwa yaro ne ƙarami, bai san kowa ba.

Ita kuwa irin mutanen nan ce da in suka samu mai tambaya, sai su manta da shayinsu ya huce. Ta ja masa kujera. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, aikinsu shi ne su gano daga wane gida ƙullutun ya fito. Domin jikin ɗan Adam, duk girmansa, da kaya iri huɗu aka haɗa shi.

Ya ce, "Huɗu kacal? Kujerar mutum uku ma ta fi haka."

"Saurara mana. Na farko shimfiɗa ce. Ita ce ta lulluɓe ka ta waje, saman fatar nan taka, ita ce kuma aka shimfiɗa a cikin baki da hanji da huhu."

"Yadi ke nan. Ciki da waje. Madalla, ba a yi ha'inci ba."

"Na biyu shi ne mai riƙo da haɗawa. Ƙashi, da guringuntsi, da igiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓi, da kitse, da jini."

"Katako da ƙusa da soso," in ji shi. Sai kuma ya tsaya. "Tsaya, Malama. Jini da ƙashi gidansu ɗaya?"

"Gidansu ɗaya."

"Ɗaya yana yawo dare da rana, ɗaya ko ƙofa bai taɓa leƙawa ba, ki ce 'yan'uwa ne?"

"Kai a danginku babu irin haka?"

Ya tuna wansa direban babbar mota, da kawunsa da ya shekara a kan tabarma ɗaya. Ya ce, "Ci gaba."

"Na uku tsoka. Ita ke tsukewa ta saki, ka motsa. Akwai wadda kake ba umarni, ta hannu da ƙafa. Akwai ta hanji da ta zuciya, waɗanda ba sa neman izininka."

"Sifirin ɗin kujera ke nan. Irin wanda ke tsikarar baƙo ba tare da an sa shi ba. Na huɗun fa?"

"Jijiyoyin saƙo. Ƙwaƙwalwa, da laka, da zaruruwan da suka ratsa ko'ina suna kai labari suna kawowa. Su ke ce maka ga zafi, ga sanyi, ga ƙusa ka taka."

Nan fa ya rasa abin kwatance. Ya laluba kujerar da yake kai, sama da ƙasa. Can ya buga cinya.

"Shi ne babu a kujera! Shi ya sa ƙato zai faɗo mata ba ta ce uffan ba. Allah ya yi mata gata. To Malama, nawa ɗin ɗan wane gida ne?"

"Likita ne zai faɗi sakamako. Amma yadda na gan shi, rawaya, da santsi, ya fi kama da kitse."

Mutumin ya miƙe tsaye. Lemo ya zube, ya gangara ƙarƙashin tebura.

"Me kika ce?"

"Kitse."

"Nawa? Na kaina? Ba na wani aka haɗa a kwalbar ba?"

"Naka."

Sai ga hawaye. Ya ce shekara da shekaru ana yi masa gori. Ashe yana da shi, ajiya ya yi, bai bar shi a fili ba saboda bakin mutane. Ya ce ta naɗe masa shi a leda yanzun nan, zai kai wa tsohuwarsa shaida, aurensa ne a cikin kwalbar nan.

Ta ce ina, ai ba ya fita. Yanzu ma an tsame shi daga ruwan magani, an zuba masa narkakken kakin kyandir ya daskare a ciki. Daga nan za a yanka shi falle-falle, fallen da ya fi ɓawon albasa sirantaka, a shimfiɗa a gilashi, a rina shi da launi, sannan a duba a madubin likita mai ƙara girman abu.

Ya dafe ƙirji. "Za ku sirantar da shi? Malama, ku ji tsoron Allah. Shi kaɗai ne mai ƙiba a jikina!"

Da ƙyar ta lallaba shi ya fita. Amma sai da ya lulluɓa bargon a kan wata na'ura da yake zaton a ciki yaron yake, ya ajiye fulas a gefe, ya raɗa mata cewa ba ya son sukari da yawa.

Ranar karɓar sakamako ta zo daidai da ranar da kayan tsohuwa na ƙarshe suka iso. Mota ta tsaya a ƙofar gida, katifa a ɗaure a samanta, tsohuwa a gidan gaba, ludayi a cinyarta kamar sandar mulki. Matar kuwa ta riga ta zuge akwati, ta yafa mayafi, tana tsaye a bakin ƙofar baya.

Mutumin ya zube a tsakiyar tsakar gida, gwiwa biyu, hannu ɗaya yana nuna gaba, ɗaya yana nuna baya.

"Inna, kada ki sauko. Ke kuma kada ki fita. Ku ba ni rabin yini. Ina da kitse, yana asibiti. Gani ya kori ji."

Tsohuwa ta ce wa direba kada ya kwance igiya. Matar ta ce da akwatinta za ta. Haka suka ɗunguma, mota ɗaya, babu mai kallon wani.

A ɗakin gwaji suka tarar da likita da ma'aikaciyar. Likita ya gyara tabarau ya ce albishirinsu. Ba mugun ciwo ba ne. Tarin kitse ne kawai, marar cutarwa, an cire, an gama.

Matar ta saki akwati ta ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi! Wallahi tun ranar ban yi barcin kirki ba."

Mutumin bai ma ji maganar ciwon ba. Ya juya ga tsohuwa, ƙirji a gaba. "Kin ji, Inna? Kitse! Daga bakin likita! Girkinta ne!"

Tsohuwa ta ce, "Likita, tun yaushe abin yake jikinsa?"

"Irin wannan a hankali yake girma, Baba. Ya iya yin shekaru masu yawa."

"To nawa ne. Da shi na aurar da shi."

Matar ta ce, "Haba Inna! Ko da ke kika haife shi, ai ni na raine shi. Kamar ƙwayar gero ya zo gidana, ni na mai da shi ƙwai."

"Uwa dai uwa ce."

"Mai raino ma ba baiwa ba ce."

Likita ya ce a gaskiya irin wannan ƙullutun ba ruwansa da girkin kowa, siriri ma yana yi, mai ƙiba ma yana yi. Babu wanda ya ko waiwaye shi.

Tsohuwa ta ce a nuna mata, ita za ta gane abinta. Ma'aikaciyar ta ɗora gilashin a madubin likita, ta murɗa, ta ja mata kujera. Tsohuwa ta kafa ido ɗaya, ta rufe shi, ta bar ɗayan yana kallon bango. Aka gyara mata. Ta leƙa. Ta daɗe tana leƙe.

"'Yar nan, ina kitsen?"

"Shi ne wannan, Baba."

"Ni ɗakuna nake gani. Ɗakuna birjik, jere-jere kamar saƙar zuma, bango ja-ja siriri. Kowanne fayau. Ko tsintsiya babu a ciki."

Mutumin ya kutsa ya leƙa. Haka ne kuwa. Farare fat, kamar raga.

Ma'aikaciyar ta ce ai haka kitse yake fitowa a gilashi. Kowane ɗaki da ɗigon mai a cikinsa, amma ruwan maganin da ake wanke naman da shi yana narkar da man. Bangon ne yake saura.

Ya ɗora hannu a ka. "Kun wanke shi? Kun wanke mini kitse? Wa ya ce muku ya yi datti? Soso na ba ku, kun dawo mini da raga! Ina ruwan wankin? A tace shi! A duba magudana!"

Har ya durƙusa zai kwance bututun wurin wanke hannu, likita ya riƙe shi ta ƙugu. Da hannu ɗaya ma.

Tsohuwa dai ta koma kan madubin, ba ta ɗago ba. Da ta ɗago, sai aka ga idonta ya yi rau-rau. Ta ce, "Ku daina ɗora wa ruwa laifi. Ni na tsufa ina wanke-wanke. Kitsen kirki ko da ruwan zafi sai an kankare. Wanda ya bi ruwa salin-alin, da ma a bakin ƙofa yake."

Ta juya ga surukarta. Ta kamo hannunta.

"'Yar nan, ki yafe mini. Na ɗauki alhakinki. Ashe zubawa kike yi, shi ne yake yoyo."

Matar ta fashe da kuka. "Inna, na faɗa miki! Shekara da shekaru ina ɗura wa rariya ruwa!"

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan kuwa ɗaki dubu gare shi, bai san ko ɗaya ba."

Suka rungume juna. Ludayin tsohuwa ya faɗi a kan akwatin matar, babu wadda ta kula.

Gogan naka ya share gumi. Kitse ya tafi, amma aure ya tsira. Ya matso yana murmushi, yana murza hannu.

"To alhamdulillahi. Bari in ce wa direba ya mayar da katifa gida, ko Inna?"

Su biyun suka juyo a tare.

Tsohuwa ta ce, "Ya mayar ina? Kai ba ka ga yawan ɗakunan ba? A ɗan falle ɗaya fa ke nan. Wannan aikin ya fi ƙarfin mace ɗaya."

Matar ta share hawaye da gefen mayafi. "Gaskiya ne, Inna. Ni in ɗauki safe da rana da dare."

"Ni kuma in ɗauki tsakankaninsu."

"Babbar tukunyar nan taki za mu riƙa ɗorawa."

"Akwai yayarta a gida. Gobe za a kawo."

Mutumin ya dubi matarsa. Ya dubi tsohuwarsa. Ya dubi ƙofa, ya ga akwati ya tare ta. Muryarsa ta yi siririya kamar shi.

"Inna, ku yi mini rai. Ni na san aikin nan. Kujera ma in aka cusa mata fiye da cikinta, ɗinki ne yake fashewa."

Tsohuwa ta sunkuya ta ɗauki ludayinta, ta kaɗe shi a zane.

"Likita, ajiye allura da zare kusa. Za mu riƙa kawo shi."